Malami da Saurayin da Ya Ƙi Karatu: Tarihin Jan Hankalin Ɗalibai a Ƙasar Hausa

Kukan malamai game da samarin da ba su son karatu ya girmi makarantar boko a ƙasar Hausa. Tun zamanin da ba a san wata makaranta ba sai ta allo da ta zaure, malamai sun gane cewa ƙaramin yaro ba ya ba da wahala sosai, tsawa ɗaya ta ishe shi. Wahalar takan fara ne idan ya kai shekara goma sha uku zuwa sha huɗu, ya fara jin ƙarfi a jika, ya san daɗin kuɗi, ya kuma fara tambayar kansa amfanin zaman da yake yi a gaban malam. Kowane zamani ya ba shi tasa amsar. Amsar kuwa ba daga bakin malami kaɗai take fitowa ba. Iyaye da masu mulki da kasuwa su ne suka riƙa ba malami abin da zai riƙe saurayi da shi, kuma su ne daga baya suka janye abubuwan ɗaya bayan ɗaya.

Abin da mutane suka fi tunawa game da makarantar allo shi ne bulala. Tana nan kam, a gefen buzun malam, kuma an yi amfani da ita har fiye da kima a wurare da yawa. Amma wanda ya ce ita ce ta riƙe tsangaya ɗaruruwan shekaru bai lura da tsarin ba. Karatun allo hawa-hawa ne, kuma kowane hawa ido na ganinsa. Yaro yakan fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya kai matsayin da zai rubuta allonsa da hannunsa. Idan ya biya karatunsa daidai, malam ya ce ya wanke, sai ya wanke allon ya shanya, a yi masa ƙari. Wanda bai iya ba, allonsa na nan da tsohon rubutu kwana da kwanaki, kowa a makarantar yana gani, ƙanensa kuma yana matsowa daga baya. Ba a buƙatar takardar sakamako, allon da kansa yana faɗin inda mai shi ya tsaya. A wurare da dama, idan yaro ya kai wasu sanannun surori iyayensa kan yi sadaka, a dafa abinci a kawo makaranta, 'yan uwansa almajirai su ci albarkacinsa.

Sunayen da ake kiran almajirai da su ma matakala ce. Kolo yana hangen titibiri, titibiri yana hangen gardi, gardi kuma yana burin ranar da za a ce masa alaramma, wato ya haddace Alƙur'ani har ya rubuta shi da ka, daga nan kuma ya kai gwani. Gardi shi ne saurayin wannan tsari, kuma an ba shi 'yanci daidai shekarunsa. Yana iya ɗaukar allonsa da buzunsa ya tafi gabas, ƙasar Barno, inda karatu ya shahara, ya ciyar da kansa da ɗinkin hula ko wanki ko yankan farce, ya kuma riƙa biya wa ƙanana karatu a madadin malam. Babbar ranar kuwa ita ce ta sauka. A yi wa allo zayyana mai launi, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a sa wa mai sauka sabuwar riga, ya karanta a gaban malamai da dattawan unguwa, a yanka rago ko sa, sannan ya zaga gidajen dangi da allonsa ana yi masa kyauta. Duk yaron da ya tsaya a gefe yana kallo ya san abin da ke jiransa idan ya daure.

Akwai kuma wata ƙofa da ta sauƙaƙa wa malamin allo aikinsa, wadda ba kasafai ake ambatonta ba. Saurayin da karatu ya ƙi shiga kansa, idan ya sami abin da zai yi salla da shi, yakan koma sana'ar gidansu, rini ko saƙa ko ƙira ko noma ko fatauci, kuma babu wanda zai ce ya lalace. Malam bai ɗauki alkawarin riƙe kowane yaro har ya mallaki hankalinsa ba. Inda aka tilasta riƙewar, nan ne mummunar fuskar tsarin ta bayyana: kangararrun samari da iyaye suka gaji da su akan kai su wurin malaman da ke ɗaure su da mari. Wannan al'ada ta daɗe, kuma samamen da 'yan sanda suka kai wasu irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019 ya nuna irin azabar da ke faruwa a ciki. Da wuya a sami wanda mari ya sa masa son karatu.

A makarantar ilimi ta zaure, inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, babu tilas ko kaɗan. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa da littafinsa, ya zo da ƙafarsa, ya jira layi ya zo kansa. Duk da haka malamai sun damu da raunin himma, shi ya sa littafin Zarnuji, Ta'alimul Muta'allimi, wanda ke magana a kan niyya da naci da zaɓen abokin karatu, ya sami karɓuwa a zauruka. Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun ƙara wata dabara: suka zuba ilimi cikin waƙa da Fulatanci da Hausa, domin abin da aka rera ya fi saurin zama. Nana Asma'u ta yi amfani da wannan hanya wajen karantar da mata ta hannun jajojin 'Yan Taru, waɗanda ke kai karatu ƙauyuka.

Zuwan Turawa ya juya matsalar. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909. Malaman boko na farko ba su yi fama da ragwanci ba, da ƙiyayya suka yi fama. Iyaye na ganin makarantar hanyar raba yaro da addininsa ce. Aka riƙa ɗora wa hakimai da dagatai adadin yaran da za su kawo, wasu masu sarauta suka ɓoye 'ya'yansu suka tura na barori, talakawa kuma suka riƙa ɓoye nasu a rumbu ko su tura su wani gari karatun allo. Yaron da ya gudu, dogari ko yaron hakimi ke bin sawunsa, ubansa kuma ya sha tara ko wulaƙanci. A ɓangaren da Faransa ta mallaka ma haka aka yi, sarakunan gargajiya ne ke tattaro yaran lakwal, wato makarantar boko, kuma waɗanda suka yi fice akan tura su makarantar William Ponty a Senegal. Daga can Boubou Hama da Diori Hamani na Nijar suka fito, dukansu kuma sun koyar kafin su shiga siyasa.

Tilas ta kawo yara aji, amma ba ita ta zaunar da su ba. Abin da ya zaunar da su shi ne albashi. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a 1922, an kafa ta ne don horar da malamai, sai ga shi ɗalibanta sun zama abin kallo a garuruwansu. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato bayan ya gama, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a ta Bauci. Ko wanda bai wuce Midil ba, aikin En'e na jiransa: akawu, malamin asibiti, malamin gona, malamin daji. Saurayin da ya ga yayansa ya dawo gari a kan sabon keke, da agogo a hannu, ana gaishe shi da malam, ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan amfanin ilimi. Cikin shekaru talatin zuwa arba'in, gidajen da suka ɓoye 'ya'yansu suka koma neman a ɗaukar musu su.

A wannan zamani ne aka gwada maganin da ya fi kowanne kyau. Ɗalibai sun iya karanta Hausar boko amma babu abin karantawa mai daɗi. Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasar rubutu a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da wasu. Bayan 'yan shekaru Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin littattafai uku musamman don makarantu. Yara suka riƙa wuce inda malam ya tsaya, suna karantawa a ɓoye da fitilar aci-bal-bal don su ji ƙarshen labari. Masu shirya wannan aiki sun fahimci abin da aka manta daga baya: saurayi yana karanta abin da ya ja shi, kuma harshen da yake tunani da shi ya fi saurin jansa. Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauci a shekarun 1940, ya bi irin wannan hanya da wasan kwaikwayo, kuma shi ne ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948.

Shekarun 1950 zuwa tsakiyar 1970 su ne zamanin makarantun kwana, wanda tsofaffin ɗalibai ke yabo har gobe. Kwalejin Katsina ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa daga baya, kuma kowane lardi ya sami sakandarensa. Gwamnati ke ciyarwa, ta ba da tufafi da sabulu da littattafai da kuɗin mota idan an yi hutu. An raba ɗalibai gida-gida suna gasa a wasanni da tsafta, ana karanta wanda ya zo na ɗaya da na ƙarshe a bainar jama'a, ana raba kyaututtuka a ƙarshen shekara a gaban sarki da razdan. Horo ma na nan: bulala, yankan ciyawa da langalanga, tsallen kwaɗo. Amma babban abin tsoro shi ne kora, domin gurbi kaɗan ne, an shiga ne ta jarrabawa mai tsanani, kuma manufar gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta cika ma'aikatu da 'yan Arewa ta sa aiki na jiran kusan duk wanda ya gama. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962 ga masu son wucewa gaba. Malaman wancan lokaci da yawansu gwanaye ne, ba a musu. Sai dai adalci ne a tuna cewa zaɓaɓɓun yara aka ba su, ƙoshi, a killace, kuma da alkawarin da ba ya tashi.

Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE, wanda gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976, shi ne ya sauya komai. Manufar mai kyau ce, kuma miliyoyin 'ya'yan talakawa sun shiga aji ta dalilinta. Amma yaran da suka fito sun zarce hasashen gwamnati nesa ba kusa ba, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka ɗauki wasu da ba su gama koyon abin da za su koyar ba. Shekara shida bayan haka, a 1982, wannan ambaliya ta iso sakandare, daidai lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4, kuma daidai lokacin da kuɗin man fetur ya faɗi. Aka buɗe makarantun jeka-ka-dawo barkatai. Injinan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje domin ƙaramar sakandare, da yawansu sun ruɓe a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu mai koyarwa. Da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo, darajar Naira ta zube, ɗaukar aiki ya tsaya, albashin malamai ya riƙa makalewa wata da watanni. Malami ya koma noma da acaɓa da 'yar tireda don ya ciyar da gida. A Nijar ma matsin tattalin arziki ya kai gwamnati ga ɗaukar malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi tun daga ƙarshen shekarun 1990, har suka zama su ne mafi yawa a azuzuwa, yajin aiki kuma ya riƙa cinye watannin karatu.

Daga nan ne kukan malamai ya ɗauki kamannin da aka san shi da su yau. Malamin da ke gaya wa saurayi cewa karatu ne hanyar arziki, saurayin yana kallon takalminsa da ya tsufa, yana kuma tuna yayansa mai digiri da ke zaune a gida, da sa'ansa da ya bar makaranta ya shiga Kantin Kwari har ya yi aure. A babbar makarantar gwamnati ta cikin birni, aji ɗaya kan haura ɗalibai ɗari. Na gaba suna kan benci, na baya a ƙasa ko a bakin taga. Malam ya cika allo da rubutu, rabin ajin na kwafa ba tare da sanin abin da suke kwafa ba, wasu sun kifa kai saboda ba su karya ba, wasu kuma tun bayan tara sun tsallake katanga. Idan ya tambaya ko an gane, sai a amsa masa baki ɗaya cewa an gane, domin kowa ya san ita ce amsar da ke kawo ƙarshen darasi.

Da yawa daga cikin waɗanda ake kira malalata, a gaskiya ɓatattu ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yara da harshen gida a shekarun farko na firamare sannan a koma Ingilishi, amma a makarantu da dama ba a yi ko ɗaya da kyau ba. Yaro ya wuce aji bayan aji ba tare da an tsayar da shi ba, ya iso sakandare bai iya karanta jimla ba, sannan a ɗora masa kimiyya da lissafi cikin harshen da ba ya ji. Saurayi ɗan shekara goma sha biyar ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a gane bai iya karatu ba, shi ya sa yake komawa bayan aji yana tsokana. A Nijar, inda Faransanci ne harshen aji, an fara gwada makarantu masu koyarwa da harsunan gida tun shekarun 1970, amma gwajin ya daɗe bai game ƙasa ba.

Satar amsa ta ƙarasa abin da ya rage. Fitar takardun jarrabawar WAEC a 1977 ta girgiza ƙasa har aka kafa kwamitin bincike. Bayan shekaru ashirin abin ya zama ruwan dare, aka sami cibiyoyin da iyaye ke biyan kuɗi don a rubuta wa 'ya'yansu amsa a allo. Wannan ya fi rashin albashi cutar da malami mai gaskiya, domin ya raba ƙoƙari da sakamako. Ɗalibin da ya san zai sami kiredit ko ya yi karatu ko bai yi ba, babu abin da malam zai tsorata shi da shi.

Malamai kan ɗora laifi a kan abubuwan da ke ɗauke hankali, kuma kowane zamani da nasa: littattafan soyayya a shekarun 1990, waɗanda ake ƙwacewa daga ƙarƙashin benci, sai finafinan Hausa da gidajen kallon ƙwallo, sai wayar hannu bayan 2001, yanzu kuma TikTok. Akwai gaskiya a ciki. Amma 'yan matan da ake cewa ba su son karatu su ne ke cinye littafin soyayya mai shafi ɗari biyu a dare ɗaya, su ba ƙawa aro da safe. Samarin da suka kasa zama a aji su ne ke koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano cikin 'yan watanni, a tsaye tun safe har dare, domin kowace waya da ta tashi kuɗi ne a hannu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, tana tara matasa masu irin waɗannan shekaru da suka haddace izu sittin da tajwidi, ana ba su motoci da kujerun Makka, garinsu kuma ya fita tarbarsu. Makarantun Islamiyya sun riƙe walimar sauka da allon zayyana. Ko a cikin boko, makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Jihar Kano ta kafa a 1977 sun maido da tsohon tsari na zaɓe da kwana da kayan aiki da hanya bayyananniya zuwa jami'a, kuma likitoci da injiniyoyi masu yawa na Kano da Jigawa daga can suka fito. Himma ba ta ƙare a cikin matasa ba, tana zuwa ne inda ake ganin hawa da sakamako.

Lamarin 'yan mata ya ɗan bambanta. An buɗe makarantun mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina a 1930, kuma tun daga lokacin malamai ke fama da abu ɗaya: yarinyar da ta san za a cire ta a yi mata aure kafin ta gama, ko wadda talla ke jiranta da rana, ba ta da dalilin zuba ƙarfinta a jarrabawar da ba za ta rubuta ba. Sace ɗalibai a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, ya sa an rufe makarantun kwana masu yawa na maza da mata, aka mai da wasu jeka-ka-dawo, wato aka rasa wurin da ya fi kowanne raba ɗalibi da talla da aikin gida.

Bulala ma ta rage ƙarfi. Iyayen da a da ke ƙara wa yaro duka idan ya kawo ƙarar malam, yanzu wasunsu makaranta suke zuwa da faɗa, kuma makarantu masu zaman kansu, da yake kuɗin iyaye ke riƙe da su, ba su cika yarda a taɓa ɗalibi ko a maimaita masa aji ba. Malaman da suka damu sun koma ga abin da ke hannunsu: gasar kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantu, kyautar da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ke bayarwa, darasin yamma don koya wa manyan yara karatu daga tushe, da bin yaro har gida a yi magana da mahaifinsa. Wasu gwamnatocin jihohi, kamar ta Kano, kan biya kuɗin jarrabawar kammala sakandare ga waɗanda suka ci jarrabawar tantancewa. Gwamnatin tarayya kuma ta shigar da darussan sana'a fiye da talatin cikin manhajar babbar sakandare a 2011, kamar kiwon kifi da ɗinki da gyaran waya, aka wajabta wa kowane ɗalibi ɗaukar ɗaya. A makarantun da suka sami kayan aiki da malamin da ya iya sana'ar da hannunsa, darasin sana'a na cikin waɗanda ɗalibai ba su fashi. A sauran, waɗanda su ne mafi yawa, ana koyar da ɗinki da gyaran waya ne da alli a jikin allo, ɗalibai na kwafa.